Admin Mai Tsoron Alhaji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta daɗe tana raba kawunan mutane a wajenmu, wato yawan sa ido da tsawatarwar da ya kamata a riƙa yi a zaurukan WhatsApp. Wasu na cewa a kulle kowane zaure, admin kaɗai ya riƙa magana, kowa ya huta. Wasu kuma na cewa kowa da kuɗinsa ya sayi data, ba wanda ya isa ya goge masa saƙo. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, riɗi da waken suya nake saye ina sayarwa, kuma ina cikin waɗanda aka ɗora wa riƙon wani zaure na abokan sana'a shekaru da dama. A ganina doka kaɗan ta ishi zaure, in dai za ta hau kan kowa. Abin da na ga yana rusa zaure shi ne dokar da ke damƙe yaron shago ta tsallake maigidansa.

Farashi da mota ne suka sa muka buɗe namu. Wanda ke kasuwar ƙauye ranar da take ci ya faɗi yadda riɗi ya tashi, mu da ke Kano mu san yadda za mu yi ciniki. Mai tirelar da ya sauke kaya kuma ba ya son komawa wayam ya yi cigiyar lodi. Direban da ya tarar ruwa ya cinye gada ko hanya ba lafiya ya gaya wa na bayansa. A cikinmu akwai dillalai da masu sito da direbobi da yaran shago, da mata masu harkar zoɓo da tsamiya, da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram waɗanda muka gaji hulɗa da su daga iyaye. Lokacin da muka fara, zaure ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, mu kuwa ko rabin haka ba mu kai ba. Kowa ya san kowa, wanda ya yi ba daidai ba gobe za a haɗu da shi a sahun azahar. A 2022 kamfanin WhatsApp ya ɗaga adadin zuwa 512, kafin shekarar ta fita ya mai da shi 1,024. Nan da nan wannan ya saka ƙaninsa, wancan ya saka abokin cinikinsa na Legas, muka wayi gari da ɗaruruwan lambobin da ba mai iya cewa ga fuskar masu su. Kunyar ido ce ke riƙe da mu a da, kuma ba a jin kunyar wanda ba a taɓa gani ba.

Masu cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama, mun zauna a ƙarƙashin tsarinsu, na san ɗanɗanonsa. Da asuba hotunan furanni da barka da safiya, ranar Juma'a kuwa abin sai ya zama ambaliya. Sai saƙon nan na "tura wa mutum goma ka ga abin mamaki". Sai mai tallan maganin basir, sai bidiyon ɗan siyasa, sai wa'azin minti arba'in, sai raddin wa'azin, sai raddin raddin. Ba wanda ya yi ashar, ba wanda ya yi laifin da za a ce ga shi. Amma mutum zai buɗe waya da hantsi ya tarar da saƙonni jibge, farashin da yake nema yana can binne tsakanin sitika da tallan atamfa. Mai ƙaramar waya ma'ajiyarsa ta cika, mai datar kwana ɗaya ta ƙare kafin ya ga abin da ya kawo shi.

Abin da masu wannan ra'ayi ba sa lura da shi shi ne mutumin kirki ba ya tsayawa gardama, ba ya ma yin sallama. Kashe ƙarar zauren yake yi ya ci gaba da harkar gabansa, sunansa na nan cikin jeri, shi kuwa ya daɗe da tafiya. Muna da wani dattijon dillali mai zagaya kasuwannin Jigawa, Maigatari ranar Alhamis, Gujungu ranar Lahadi. Saƙon muryarsa ba ya kai minti guda: ga yadda buhu ya tashi, ga yadda ya kwana, kaya sun yi yawa ko sun yi ƙaranci, riɗin bana da tsakuwa ko babu. Wannan ɗan saƙo ya fi duk abin da ake turowa a mako amfani. Sai muka daina jinsa. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Alhaji, ni ba na iya ɗaga murya a inda ake kiɗa." Ashe ya koma tura wa 'yan tsirarun mutanensa ta bayan fage. To ka ji inda 'yancin kowa ya kai mu: masu surutu sun samu fili, labarin da ƙaramin ɗan kasuwa ke dogaro da shi kuma ya koma hannun manya kaɗai, waɗanda dama suna da lambar dillalin.

Wannan ɓarnar a hankali take ci. Akwai wadda ba ta jira, kuma a kanta ba na goyon bayan a yi wa kowa lallashi.

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a watan Agustan 2014 zai tuna daren gishiri. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, sai ga saƙo yana yawo cewa kowa ya tashi kafin gari ya waye ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha. Aka yi ta tashin mutane daga barci da kiran waya. An rasa rayuka, wasu da dama suka kwanta a asibiti. Su wa suka yaɗa shi? Iyaye da ƙanne da abokan arziki, kowa don ƙauna ya tura. Ina kawo wannan ne saboda duk lokacin da aka goge saƙo irin wannan, amsar farko ita ce "ai da kyakkyawar niyya na turo". Gaskiya ne, ba mu musa ba. Niyyarka tana wurin Allah, saƙon kuwa yana wayar mutum ɗari biyar.

A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yi ta yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, wasunsu ma ba a can aka ɗauke su ba. 'Yan sandan jihar sun shaida wa BBC, a binciken da ta fitar a watan Nuwamban wannan shekarar, cewa hotunan sun ƙara rura wutar, an kuma tare matafiya a hanya an kashe su. Mu wannan ba labarin nesa ba ne, direbobinmu ne ke bin waɗannan hanyoyi da dare da rana. Haka abin da ya faru a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato a watan Mayun 2022, wanda ya kai ga kisan wata ɗaliba har Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai, daga zauren WhatsApp na 'yan aji ya faro.

Wani zai ce ai kamfanin WhatsApp na sa ido. Ya yi abin da ya yi: a 2018 ya fara sa alama a kan saƙon da turowa aka yi, a watan Janairun 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a watan Afrilun 2020, lokacin korona, ya ce saƙon da ya sha yawo wuri ɗaya kawai za a iya tura shi. Amma tun 2016 kamfanin ya kulle saƙonni ta yadda shi kansa yake cewa ba ya iya karanta su. Ko da yana iyawa, injin da ke Amurka ina zai gane habaicin Bakano? Saboda haka a cikin zaure babu ɗan sanda, babu alƙali, babu edita irinka. Admin ne kaɗai, kuma sai a 2022 aka ba shi ikon goge saƙon wani ga kowa da kowa.

Ga yadda muka yi da labarin hanya da na tashin hankali, kuma ya yi mana aiki. Wanda ya gani da idonsa, ko direbansa ya kira shi, ya faɗa da muryarsa, ya ambaci wuri da lokaci. Wanda turo masa aka yi, ko ya ce "daga majiya mai ƙarfi", gogewa ake yi nan take, ko da daga baya zai tabbata gaskiya ne. In gaskiya ne, wanda ke wurin zai faɗa. Mun taɓa ganin tsohon bidiyon hari ya dawo a matsayin na yau, direba ya kwana a tasha da kayan mutane saboda shi, alhali hanya lafiya lau. Ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, aya ta 6 ta Suratul Hujurati kuma, mai umarni da a bincika labarin da fasiƙi ya kawo, kowa ya san ta. Ba mu ƙirƙiro komai ba.

Damfara ma ba ta jira. Salon da ya fi cin mutanenmu shi ne a kira ka a ce za a yi taron ƙungiya ta Zoom, an turo maka lamba shida, karanto. Kana karantowa an ƙwace WhatsApp ɗinka, sai a bi abokan cinikinka da sunanka da hotonka ana cewa a taimaka da dubu hamsin zuwa yamma. Ga kuma masu kawo harkar "zuba kaɗan ka kwashi da yawa". MMM ta rufe da kuɗin mutane a watan Disamban 2016, CBEX ta yi haka a watan Afrilun 2025, kuma duk ta hannun wanda ka sani suke shigowa. Yanzu ba mai shiga zaurenmu sai wani sananne ya tsaya masa, kamar yadda ba a ba baƙo kaya bashi sai da wanda ya san shi. Na uku da ba ya jira shi ne wanda ya ɗauki lambar mace daga zaure ya bi ta da "salam, ya kike" da tsakar dare. Matan da ke cikinmu neman halaliyarsu suka zo yi, da yawansu da sanin mazajensu suka shiga, kuma saƙo ɗaya irin wannan ya isa ya sa a hana mace zauren gaba ɗaya. Wannan ba gargaɗi, fita ce.

To, masu cewa a kulle fa? Tun 2018 akwai wannan maɓallin da ke sa admin kaɗai ke iya tura saƙo, kuma na gane abin da ke jan mutum gare shi, don riƙon zaure aiki ne na ba albashi sai zagi. Ina cikin wani zaure na masu masara da aka kulle gab da zaɓen 2023 saboda rigimar siyasa. An samu shiru, ba shakka. Sai dai a daidai lokacin ne canjin kuɗi ya shaƙe mu. A watan Fabrairun nan abin da ɗan kasuwa ke son sani shi ne wace kasuwar ƙauye ce ta daina karɓar tsohuwar ɗari biyar da dubu ɗaya, wane mai POS ne ke da tsabar kuɗi kuma nawa yake cira, wane manomi ne zai yarda da tiransifa. Wannan labari a wurin yara da direbobi yake, su kuma an rufe musu baki. Zauren ya koma allon sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya. Samarin suka buɗe nasu ba dattijo ko ɗaya a ciki, kuma abin da ake faɗa a can, Malam Edita, ba zai bugu a jarida ba. Surutun bai ragu ba, ƙaura ya yi zuwa inda ba mai tsawatarwa.

Gwamnati ma ta gwada irin wannan. An rufe Twitter a Najeriya daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, masu son shiga suka koyi VPN, manhajar da ke kewaye toshewar, suka ci gaba da abinsu. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga. Hukuncin amfanin wannan ta fuskar tsaro na bar wa masu shi, amma mu 'yan kasuwa mun ga abokan hulɗarmu na Gusau suna shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su buga waya. Kulle na ɗan lokaci yana da wurinsa. Mu ma mukan rufe na dare ɗaya in wuta ta kama, a buɗe da safe bayan kowa ya huce, kuma mukan faɗi lokacin buɗewa tun kafin a rufe.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Je ka duba kowane zaure da ke fama da rigima, za ka tarar da dokoki reras, wani har ashirin, an liƙa su a sama. Sannan ka zauna ka ga a kan wa suke sauka. Yaron shago ya saka tallan takalma sau ɗaya, kafin ya ajiye waya an cire shi, admin har da rubuta "doka doka ce". Alhaji mai sito uku, wanda rabin zauren ke karɓar kaya bashi a wurinsa, kullum sai ya turo bidiyon gwaninsa na siyasa, sai ya turo muryar wani da ba a san ko wane ne ba yana cewa za a rufe kaza, za a kama wane. Me admin ke cewa? "Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe." Kowa na gani. Yaran ba wawaye ba ne, sun gane cewa dokar ba ta saƙo ba ce, ta matsayi ce. Tunda ba su isa su yi magana ba sai su koma habaici da sitika, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Admin ya ga abin ya ƙi, sai ya ƙara doka: ban da sitika. Gobe ya ƙara wata: ban da dariya a kan saƙon manya. Haka jerin ke tsawo. Sau da yawa in ka ga dokokin zaure sun yi yawa, mutum ɗaya ake tsoro, aka yi ta kewaye shi da dokokin da ba za su taɓa shi ba.

A sana'armu in aka gane dillali yana da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa, ya gama yawo, ko da rantsuwa zai yi da Alƙur'ani a kan sauran awonsa. Haka admin yake. Ranar da aka ga ya goge na yaro ya bar na Alhaji, duk abin da zai goge nan gaba za a ce son rai ne, ko da a kan gaskiya yake.

Na san abin da za a ce mini: mu Hausawa ne, ba a ƙwaɓar babba a gaban yara. Na yarda, ni ma ba yaro ba ne, kuma ba na son a yi mini. Sai dai girmamawa a wajen yadda za a faɗa wa mutum take. Saƙon Alhaji da na yaro minti ɗaya za su yi a goge su. Bambancin shi ne yaro a rubuta masa, Alhaji kuwa a taka a je shagonsa, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a kawo maganar. Kuma ba kowa ke iya wannan tafiyar ba. Abin da ya gyara mana zaure shi ne saka wani dattijo cikin masu riƙo, sa'an Alhazan, wanda ba ya cin bashin kowa kuma ba ya neman kwangila a wurin kowa. Wayar ma ba ta dame shi ba, jikansa ne ya nuna masa inda ake dannawa. In za a zaɓi admin, mutane sukan nemi wanda ya iya waya. Ni da za a tambaye ni, a fara duba littafin bashi.

An gwada shi a watan Agustan 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba su, motoci suka yi jerin gwano a bakin boda da kayan mutane suna lalacewa. Kowa ransa a ɓace. Sai wani babba a cikinmu, mutumin da in ya yi tari kasuwa ke amsawa, ya turo wata murya mai cike da gori ga mutanen Nijar, wai yunwa za ta koya musu hankali. 'Yan Maraɗi ba su ce uffan ba, sai muka ga suna fita ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da muke aurayya da su, waɗanda in kayanmu suka maƙale a can su ke kwana a kai. Dattijon nan ya goge saƙon, ya rubuta layi ɗaya cewa an goge ne don ya taɓa mutuncin 'yan uwa, bayan la'asar kuma ya tafi shagon Alhajin da ƙafarsa. Abin da suka tattauna tsakaninsu ne. Alhaji ya yi fushi ya fice, bayan wani lokaci ya aiko a mai da shi, aka mai da shi ba tare da an ce komai ba. Mu kuma muka bi 'yan Maraɗi da kira ɗaya ɗaya, mafi yawansu suka dawo, da su aka yi murnar buɗe iyaka a watan Maris na 2024. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yaran. Daga wannan makon tallan takalma da sitikar habaici suka ragu da kansu, ba wanda ya yi musu gargaɗi. Dokokinmu da suka yi yawa muka zauna muka rage su, yanzu ba su cika tafin hannu ba.

Maganar addini ta fi kowacce wuya, don duk wanda aka goge wa wa'azi zai ce an hana maganar Allah. Ba mu hana aya ko hadisi ko addu'a ba. Abin da muka hana shi ne bidiyon raddi, wanda malamin wannan ɓangare ke yi wa na wancan. A cikinmu akwai 'yan Izala, akwai 'yan Tijjaniyya da Ƙadiriyya, akwai Kiristoci abokan ciniki daga Binuwai da kudu, kuma duk buhu ɗaya muke ɗagawa. Na kan tuna wa masu ƙorafi hadisin zama a bakin hanya da ke cikin Bukhari da Muslim. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai kan zama a hanya suka ce ba su da wata majalisa sai nan, bai tashe su ba. Cewa ya yi su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. An bar majalisa, an sa mata sharuɗɗa kaɗan, kuma ba a ware wani sahabi an ce shi ban da shi ba.

Siyasa kuwa mun buɗe mata ɗaki na dabam, mai so ya shiga. Can 'yan Kwankwasiyya da 'yan Gandujiyya ke ta fama, rigimar masarauta ta 2024 ma can aka yi ta, ni ko leƙawa ba na yi. Amma labarin da ya shafi ciniki, kamar cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da abin da ya yi wa kuɗin mota, ko rufe boda, ko sabon haraji, wannan na babban zaure ne. Faɗi abin da aka yi da yadda ya taɓa buhu. Yabo da tsinuwa ka kai su ɗaya ɗakin.

Wasu admin ɗin tsoron hukuma ke sa su wuce gona da iri. Tsoron yana da tushe: an kama mutane da dama a ƙasar nan da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, kafin a yi wa sashen gyara a 2024, kuma duk abin da aka rubuta a zaure ana iya ɗaukar hotonsa a kai ko'ina. A Indiya sai da maganar ta kai babbar kotun Bombay, wadda a 2021 ta ce ba a kama admin da laifin abin da wani ya rubuta sai in an nuna da haɗin bakinsa. Wannan hukuncin can ne, ba nan ba. Duk da haka ban ga hikimar mutum ya goge duk wani ƙorafi a kan gwamnati ko shugabannin kasuwa don kada a kira shi ba. Wanda ya ce kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya ya yi yawa, ya faɗi inda aka karɓa da nawa, bai yi ƙarya ba bai yi zagi ba, a bar masa maganarsa.

Shi ma admin yana buƙatar mai riƙe masa hannu. A wurinmu ba ya goge saƙon da shi aka soka a ciki, sai wani admin ɗin ya duba. In an goge abu a faɗi dalili a layi ɗaya, kada mutane su ga saƙo ya ɓace su shiga zato. Ban da abubuwan nan da ba sa jira, ba a cire mutum a karon farko: a yi masa magana a asirce, in ya sake a faɗa a fili, in ya sake ya huta mako guda. Wanda aka cire ma in ya zo da wanda zai tsaya masa ana mai da shi, don a kasuwa fitar da mutum daga inda ake jin farashi taɓa abincinsa ne.

Akwai guda ɗaya da har yau kanmu bai haɗu a kai ba. Mutum zai saka hoton wani da lambarsa ya rubuta, "A kula da wannan, ya ci mini kuɗin buhu arba'in." Rabinmu na cewa ai don irin wannan aka buɗe zauren, in ba a faɗa ba gobe wani zai faɗa ramin. Rabi na cewa rigimar kasuwa baki biyu gare ta: mai kaya ya ce an ƙi biyansa, mai saye ya ce riɗin da danshi ya zo, ko awo bai cika ba, kuma sunan da aka ɓata a gaban mutum ɗari biyar ba ya wankuwa ko an gano ƙazafi ne. Abin da muke yi a yanzu shi ne a goge, a haɗa su biyun da dattawa, in an tabbatar da haƙƙi kuma ya ƙi biya, admin da kansa ya sanar. Masu sukar wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi. Zaman dattawa yakan ɗauki makonni, macuci kuwa kwana biyu ya ishe shi ya yi wa wani. Sun kuma lura cewa in ƙaramin mutum ake tuhuma zaman ba ya wuya, in babba ne sai a yi ta ɗagawa, yau ya tafi Umara, gobe ba ya jin daɗi. Wasu sun kawo shawarar a sa wa zaman wa'adin mako guda, wanda bai zo ba kuma bai aiko wakili ba a sanar cewa an kira shi bai amsa ba, ko wane ne shi. Ina goyon bayan wannan, kuma za mu zauna a kai bayan kaka. Kafin nan, in akwai masu riƙon zaurukan 'yan Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar Maraɗi da ke karanta wannan jarida, ina roƙon su rubuto ta wannan fili su gaya mana yadda suke yi da maganar bashi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗan kasuwar riɗi,
Dawanau, Kano.